Musayar Waƙa: Amina ta Gombe

Mai Turare (Misfala, Makka): Salamu alaikum. An idar da Isha'i, ga tawa ga Hajiya Amina Mohammed, mataimakiyar Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017. Mai tsoro ya ja gefe.

Da sunan Allah na ɗau alƙalamina,
In yabi 'yar Gombe, Hajiya Amina,
Karatun farko ta yi shi Kaduna,
Yau har Niyok an san wannan suna.

Obasanjo ya danƙa mata amana,
A 2005, in ban manta ba, 'yan'uwana,
Kuɗin yafe bashi ta bi su da ƙona,
Su zam asibiti, rijiya, ajin 'ya'yana.

Mai Shayi (Shari Mansur, Makka):

Bagombe sannu, ka sha wahala,
Yabo kake yi ko neman dala?
An yanke cibinta can Ingila,
Ka ja ta Gombe da ƙarfin akala.

Mai Turare:

Mai shayi, je ka duba butarka,
Ɗa na uba ne, tambayi kakarka,
'Ya'yanka duk an haife su Makka,
Har gobe Takari ake kiranka.

Mai Shayi: Kai! Wannan ta shiga. Bari in sallami mutane, ina zuwa.

Ɗalibin Madina: Gafara dai, Alhaji Mai Turare. Baitinka na biyu gurgu ne. Ka cusa shekara cikin ɗango, mai rerawa sai numfashinsa ya ƙare kafin ya kai gaɓar ƙarshe. Kuma mene ne "ta bi su da ƙona"? Kuɗin ta ƙona? Amsa-amo ya ja ka ka yi wa baiwar Allah ƙazafi.

Mai Turare: Ƙwazo nake nufi, ɗan nan. Kowa ya gane.

Ɗalibin Madina: Ƙwazo ba ya ƙarewa da "na". Kari kuma ba a yi masa alfarma.

Mai Turare:

Yaro ya karanta aruli jiya,
Yau yana auna mu da tsinin tsintsiya.

Ɗalibin Madina: Wannan ma ɗango na biyu ya fi na farko tsawo.

Gwaggo (Jidda): Sai yanzu na ga saƙonninku. Kun bar mace tsaye kuna faɗa kan gaɓa. Ku matsa.

Ku maza, kun iya gardamar banza,
Ita ko aiki ta sa gaba, ba ta furta,
Muradun ci gaba 17 na duniya,
Da hannunta ciki wajen tsara su, ku tambaya.

Buhari ya ba ta Muhalli ta riƙe,
Sharar man Ogoni da ita aka buɗe,
Ta je Kandahar, ƙofa a kulle,
Kan karatun mata ta ce a sake.

Kai kuma ɗalibi, kar ka taɓa min kari, na yi jika da kai. Ministar ta zama a 2015, Ogoni 2016, Kandahar ta Afganistan Janairun 2023. Na fitar maka da shekarun waje don ka huta. Nan Saudiyya ma sai 2009 Sarki Abdallah ya naɗa mace mataimakiyar ministan ilimi, Nura al-Fayiz, ranar har guɗa na yi.

Ɗalibin Madina: Gwaggo, ni ban ce komai ba. Amma "banza" da "furta"...

Gwaggo: Ka ce me?

Ɗalibin Madina: Allah ya ƙara lafiya.

Mai Shayi: Na dawo.

Gwaggo, na durƙusa, ki yi min rai,
An buɗe Ogoni, to an kwashe mai?
Taliban sun ji, ko sun kaɗa kai?
Bagombe, kuɗin shayina na kwana bakwai!

Mai Turare: Ba a kawo bashi cikin waƙa. Riyal nawa ne ma?