Babbar na'urarmu ta farfaɗo bayan ta ko-ta-kwana ta karɓi aiki: pg_rewind ko kwafi daga tushe?

Na Gwadangaji: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni ke kula da rumbun bayanan wata ƙungiyar manoman shinkafa. Babbar na'urarmu tana Birnin Kebbi, ta ko-ta-kwana tana ofishinmu na Jega, dukansu a kan manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, siga 12. Ranar Litinin inbata ta ƙone ana tsakar aiki, babbar ta ɗauke, sai na ɗaga ta Jega ta karɓi ragama. Yanzu wuta ta daidaita, ina so ta Birnin Kebbi ta koma tana bin ta Jega. Rumbun ya kusa gigabait 200, layin da ke tsakanin ofisoshin kuma ba shi da ƙarfi, shi ya sa hankalina ya karkata ga pg_rewind, manhajar da ke mayar da tsohuwar babbar na'ura baya domin ta bi sabuwar, tunda a manyan fayiloli abin da ya sāɓa kawai yake kwafowa. Sai dai jagorar da na karanta ta ce in haɗa da -R da --restore-target-wal, nawa kuwa ya ce bai san su ba. Akwai pg_rewind na siga 16 a kwamfutata. In yi aiki da shi, ko in haƙura in yi pg_basebackup, wato in kwafo rumbun gaba ɗaya daga tushe?

Ɗan Yauri: Wa alaikumus salam. Malam, a wannan zamani me ya haɗa ka da ajiye na'ura a ofis? Ku kama haya a intanet ku huta da zancen inbata.

Baban Laburare: Ƙanena, abin ba wuya. Ka rubuta fayil ɗin saiti na recovery.conf, ka sa standby_mode a ciki tare da adireshin ta Jega, ka tayar da ita. Haka muke yi tun kafin a san da pg_rewind.

Malama Mai Lissafi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan shawara ba za ta yi masa amfani ba. Tun daga siga 12 aka kawar da recovery.conf, har ma na'urar ba za ta tashi ba muddin fayil ɗin yana nan. An maye gurbinsa da standby.signal, sauran saitin kuma ya koma postgresql.conf. Malam Na Gwadangaji, zaɓuɓɓukan nan biyu a siga 13 aka shigo da su, don haka jagorar wata siga ka karanta, ka duba lambar da ke saman shafin ka danna 12. Na 16 kuwa kada ka wahalar da kanka, domin yana duba pg_control, fayil ɗin da ke ɗauke da siga da halin da rumbun ke ciki, idan sigar ba tasa ba ce ya ƙi aiki. Kafin komai, ka gaya mana ko saitin wal_log_hints, wanda pg_rewind ke dogaro da shi wajen gane shafukan da suka canza, a kunne yake tun kafin wutar ta ɗauke, ko kuma an kafa rumbun da lambobin tantance shafuka. In babu ko ɗaya, magana ta ƙare, kunna shi yau ba zai gyara abin da ya wuce ba. Sannan na 12 yana buƙatar a kashe na'urar cikin tsari, taka kuwa faɗuwa ta yi, sai ka tashe ta ba tare da kowa ya shiga ba, ka sake kashe ta.

Bazamfare: Ni da na ji sunan pg_rewind sai gabana ya faɗi. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, ina aiki da wani kamfanin rarraba magunguna da babbar na'urarsa ke Abuja, ta ko-ta-kwana kuma a wurinmu a Gusau, a kan siga 11. Da muka ga shiru ba ranar dawowa, aka ɗaga ta Gusau domin a ci gaba da ciniki. Makonni muka yi muna shigar da rasit, da bashin masu kemis na Ƙauran Namoda da Tsafe, da lissafin kayan da suka shigo sito, su ma na Abuja suna nasu.

Da layi ya dawo aka turo mana ɗan kwangila. Ya kwaso tsofaffin fayilolin WAL, wato kundin da rumbun ke rubuta kowane canji a ciki, daga ma'ajiya ya zuba su a mazauninsu na pg_wal da hannu, ya sa ta Gusau a matsayin wadda za a mayar baya. Na tambaye shi ko za a fara ɗaukar kwafi, ya ce manhajar haɗe bayanai take yi. Ba ta haɗe komai. Aikinta shi ne ta shafe duk abin da aka rubuta a kan na'urar tun daga inda hanya ta rabu, kuma ta yi shi tsaf ba tare da ko gargaɗi ɗaya ba. Da safe akawunmu ta buɗe shafin bashi ta tarar da ranar ƙarshe ita ce ta ranar da aka yanke layi. Daga littafin rasit mai kabon muka sake shigar da abin da ya samu, wasu masu bashin kuwa har yau sun ce sun biya. Naira 450,000 aka ba ɗan kwangilar.

Ɗan Yauri: 450,000? Wallahi an yi muku yankan rago. A Birnin Kebbi 80,000 wani ya karɓa a wurinmu, har da shayi.

Injiniyan Tudun Wada: Wancan na 80,000 me ya yi, kunna janareto? Ni ba na taɓa rumbun da ake ciniki a kansa ƙasa da 250,000, domin idan pg_rewind ya tsaya a rabin hanya, jagorar da kanta ta ce kada a sa ran ceto babban fayil ɗin da bayanan rumbun ke ciki, sai sabon kwafi. Wannan haɗarin ake biya.

Baban Laburare: Yanzu kowa ya buɗe jagora ya zama malami. Na daɗe ina wannan aiki, da pg_standby, tsohuwar manhajar na'urar ko-ta-kwana, na fara, kuma ban taɓa rasa bayanin kowa ba.

Malama Mai Lissafi: Babu mai musun gogewarka, Baba. Sai dai shi kansa pg_standby an cire shi a siga 14, kuma tambayar a kan 12 take. Abin da Bazamfare ya faɗa ya shafe ka, Malam: idan akwai cinikin ƙarshe da bai isa Jega ba kafin wutar ta ɗauke, a ta Birnin Kebbi kaɗai yake, mayar da ita baya zai tafi da shi. Ka kwafe babban fayil ɗinta gaba ɗaya zuwa wani faifai tukuna. Ni da ni ce, da na ɗauki pg_basebackup a kan faifai a Jega na sa shi a mota, tunda tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, tare da tabbatar da cewa ta Jega tana riƙe WAL har in iso.

Ɗan Yauri: Ashe layin da ya fi kowane sauri a Kebbi shi ne motar tasha.

Na Gwadangaji: Na gode ƙwarai. Na duba, wal_log_hints a kunne yake a postgresql.conf, amma wanda ya kafa mana tsarin bai bar takarda ko ɗaya ba, ban san ko an sake tayar da na'urar bayan ya canza shi ba, lambarsa kuma ba ta shiga.

Injiniyan Tudun Wada: Ka gudanar da pg_controldata na 12 a kanta, zai nuna maka saitin da take kai a zahiri. Kuma ku fara maganar ɗaga siga, domin 12 ta daina samun gyara tun Nuwamba 2024.

Bazamfare: Wannan rashin takardar miƙa aiki shi ne ainihin ciwon. Namu ma da ya tafi, ko kalmar sirrin mai kwafin bayanai bai rubuta ba, sai da muka bi shi har gida. Shugabanni suna biyan kuɗin kafawa cif, amma ka ce a riƙe kaso ɗaya har sai an kawo bayani a rubuce, sai a ce kana son ɓata zumunci.

Baban Laburare: A riƙe kuɗin wa? Mu da muke yin kwangilar, sau nawa aka cika mana ragowar kuɗinmu bayan mun miƙa komai? Akwai wurin da har yau nake bin su rabin kuɗi, kuma su ne ke kirana idan faifai ya cika.