Musayar Waƙa a kan Pehr Kalm, Farfesan Turku

Mai Alƙalami: 'Yan'uwa, waƙarmu ta yau a kan Pehr Kalm ce (1716–1779), masanin tsirrai ɗan Finland, kuma amsa-amonmu "ya" ne.

An haife shi a Suwidin, iyayensa suna gudun yaƙi,
Uban ya rasu yana jariri, ya tashi maraya.
Ya ɗauki karatu wurin Linnaeus, mai raɗa wa tsirrai suna,
Jami'ar birnin Turku a Finland ta naɗa shi farfesa a 1747, sannan ya ɗaure kayan tafiya.

Mai Lambu:
Malam, ka tsaya a bakin teku, bari in haye da shi:
A Satumban 1748 jirginsa ya isa Amurka, ya sauka Filadelfiya.
An aike shi neman irin da zai jure sanyin arewa,
Musamman itacen da tsutsar siliki take ci ta yi ƙiba da lafiya,
Domin Suwidin, wadda Finland ke ƙarƙashinta a lokacin,
Ta saƙa alharininta, ta rage dogaro da kasuwar duniya.

Ɗan Manoma:
Yaya, ki gafarce ni, da abin da ya shiga rumbu nake awon noma.
Ya shuka irin a Sipsalo, gonar gwajinsa kusa da Turku, hunturu ya kashe mafi yawa tun ba su kai ga 'ya'ya,
Siliki bai zama sana'a ba, to ina ribar wannan doguwar hanya?

Mai Lambu:
Ƙanena, tambayarka da nauyi, amma ka buɗe littafinsa,
Juzu'i 3 da suka fito daga 1753 zuwa 1761, cike da abin da ido ya gani da gaskiya.
Ya shiga Kanada a 1749, a 1750 ya tsaya gaban ruwan Niagara,
Ya rubuta wa Benjamin Franklin, masani ɗan Amurka, siffarsa, ba ƙari ba ƙarya.
Ya ga manoman Amurka suna cin gona ba taki har ta mutu,
Su sare sabon daji su koma, ya rubuta haka da ɓacin zuciya.

Mai Alƙalami:
Linnaeus ya sa wa wani fure sunansa, Kalmia, domin godiya,
Juzu'i na 4 kuwa gobarar Turku ta 1827 ta cinye shi a wurin ajiya.

Ɗan Manoma:
Maganar taki ta kama ni, Yaya, wanda ya lura da ita ya san ciwon gona,
Na karɓe shi malami, amma a batun siliki ban ja da baya.