Noti ya karye a cikin kan injin ban ruwa, ya zan yi?

Mai tambaya, daga Dakace: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sana'ar ƙarfe ku ba ni shawara. Injin da nake ba tumatir ruwa da shi ne a bakin Galma. Salansa ta fara ƙara, muka zo kwancewa, noti ɗaya ya fito lafiya, ɗayan mai sufana 12 ya murɗe ya karye, guntun ya maƙale a cikin kan injin. Abin da ya leƙo waje ɗan mitsitsi ne, filaya ba ta kama shi. A kasuwar Sabon Gari wani ya nuna min saitin estirakta, ƙarafan nan masu zaren hagu, ya ce a huda guntun a murɗa ɗaya a ciki, sai ya biyo shi. In saya? Tumatir ya fara fure, ba zai jure ƙishi ba.

Wani ɗan acaɓa: Wa alaikumus salam. Saya kawai Malam, da shi aka cire min na babur, ko shayi ban gama sha ba.

Tsohon bakanike, Kwangila: Ɗana, dakata tukuna. Notin da ya karye wajen ɗaurewa daban, wanda ya karye wajen kwancewa daban. Na farkon zarensa lafiya lau, da an taɓa shi zai juyo, ina kyautata zaton irinsa ne na mai babur. Naka kuwa na salansa ne, ya sha wuta ya sha tsatsa, ga shi ƙarfe ne zaune cikin alminiyam, su biyun in suka daɗe tare kamar an liƙe su suke. Notin da cikakken kaurinsa ya gwammace ya tsinke da ya motsa, ta yaya siririn ƙarfen da za ka cusa a cikinsa zai fi shi ƙarfi? Kuma estirakta tauri gare ta, ba ta lanƙwasa, ɓallewa take lokaci guda. In ta ɓalle a ciki, bakin dirili na yau da kullum ba ya cin ta, sai dai ya zame gefe ya cinye maka alminiyam.

In dole sai da ita, a fara jiƙa wurin da WD-40, man feshin nan na sassauta tsatsa, ko kananzir ya kwana, ana ɗan ƙwanƙwasa guntun da ƙaramar guduma. A goge kansa ya daidaita, a buga masa alama a tsakiya cif, a huda da siririn baki tukuna, sannan a ƙara zuwa kamar milimita 4. In an samu bakin dirili mai juyin hagu ya fi, wani lokaci tun ana hudar yake kamo guntun ya fito da shi. Murɗawa da hannu ake yi, a hankali. Da ka ji ƙarfen ya fara ba da wata 'yar alama kamar zai murɗe alhali guntun bai motsa ba, tsaya nan.

Mai walda, Tudun Wada: Baba ya gama magana. Ni dai tunda ya ɗan leƙo, kar ma a huda. Washa za a ɗora a kansa a ɗiga walda, a kawo noti babba mai rami a ɗora a cika cikinsa da walda. Zafin nan shi ke farfasa tsatsar, kuma waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam. A bar shi ya huce, a sa sufana ana kai gaba ana dawowa baya kaɗan-kaɗan. In notin ya ɓalle a sake ɗiga wani, ba a yi asarar komai ba. Amma fa a cire tankin fetur gaba ɗaya, dab da salansa yake. Kada kuma wani ya ce zai gasa kan injin da wutar gas har ya yi ja: alminiyam ba ya nuna ja, wajen digiri 660 na Celsius kawai sai ka ga ya zube.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. To Baba, in duk an yi ya ƙi fa, ko zaren ramin ya lalace? Kan injin ya tashi aiki ke nan?

Tsohon bakanike: Ina, bai tashi ba. Sai a huda guntun da baki mai milimita 6.8, a bi ramin da abin yanka zare na M8, wato na noti mai kaurin milimita 8, a share ragowar. In zaren ya cinye, a sa Helicoil, wata waya ce naɗaɗɗiya da ake dasawa ta zama sabon zare, ramin ya koma girmansa na da. Wannan kam kai wa masu injin huda na tsaye, hannu ba ya miƙewa yadda ake so. Ka ciro kan injin ka zo da shi, da guntun notin da ya faɗo, a gwada a sayo irinsa.

Wani manomi, Shika: Kafin nan ka ari injin maƙwabci ko na yini ɗaya ne, ka zuba masa mai. Fure in ya zube ba ya komawa.