Abin da aka tattauna kan prednisolone da hauhawar suga

'Yan'uwa mazauna Jos, ga abin da na tsinta daga wata doguwar mahawara da aka yi kan prednisolone da dexamethasone, magungunan steroid da likitoci ke bayarwa don cututtuka irin su asma da ciwon gaɓoɓi.

1. Kowa ya yarda: wanda ya wuce mako 3 yana sha, kada ya yanke rana ɗaya. Jiki kan rage samar da nasa sinadarin mai aiki irin na maganin, don haka likita ne zai riƙa rage adadin sannu a hankali.

2. A sha da safe bayan karin kumallo.

3. Suga ne aka fi daɗewa a kai. Da yawa sun ce gwajin asuba yana nuna lafiya, sai bayan la'asar ya haura. Shi ya sa masu ciwon suga suka ce a riƙa gwadawa da yamma ma. Lemon kwalba, shayi mai suga da kunun zaƙi a ajiye su. Yunwar da maganin ke kawowa a tare ta da wake, ƙwai, kabeji da karas, waɗanda ba ma rasa su a nan.

4. A rage gishiri da magi saboda kumburi da hawan jini. Tafiyar ƙafa kullum, nono don ƙashi.

An rabu kan acca. Wasu sun ce ta fi tuwon shinkafa, wasu suka ce in an cika kwano duk ɗaya ne. Ni na fi karkata ga na biyun.

Abin da ya fi damuna: masu sayen dexamethasone a kemis don ƙiba. Babu wanda ya goyi bayansu, kuma an roƙe su su ga likita kafin su daina.