Tankin Fijo 504 ta marigayi Baba na yoyo: a yi walda ko in nemo wani?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan motar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Fijo 504 ce salun, haɗin Kaduna, ya saye ta sabuwa dal a 1984. Tun rasuwarsa take ajiye a gindin darbejiya a gidanmu na Tudun Wadan Zariya, shekara tara ke nan. Yayyena sun ce a sayar wa 'yan gwangwan, ni dai na kasa, don a cikinta ya koya mini tuƙi.

Inji ya tashi da muka ba shi mai ta galan. Tanki ne matsalar. Jiya muka sauke shi, abin da ya fito wani jan ruwa ne mai warin tsohon fenti, da ɓarɓashin tsatsa kamar ganyen shayi. A ƙasansa na ga huji uku kamar na allura. Wani mai walda a bakin titi ya ce in kawo, minti goma ya gama, wai tunda tankin ya daɗe ba mai ba abin tsoro. In ba shi, ko in nemo wani tankin? Sannan yaron da ya sauke shi ya yanke tiyo biyu, ban san yadda za a mayar ba.

Oga Mai Walda: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka kai masa. Shekara ashirin da shida ina wannan sana'a, kuma tankin da babu mai a ciki ya fi ba ni tsoro a kan cikakke. Tururin fetur ne ke fashewa, shi kuma yana maƙalewa a cikin tsatsa da lungunan haɗin ƙarfe ko da an shekara. Ɗan kaɗan ya isa: idan ya kai wajen kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar da ke ciki, tartsatsi ɗaya ya gama magana. Ina yaron shago na ga tankin wata tasi ya buɗe kamar an fasa kankana. Maigidana bai sake ji da kunnen hagu ba har ya bar duniya.

Ka cire fulotin geji, wato abin da ke auna yawan mai a cikin tanki, ka wanke ciki da ruwan zafi da omo, a girgiza a zubar, sau huɗu ko biyar. Ka shanya shi a rana kwana biyu, duk ƙofofinsa a buɗe. Ranar aiki a cika shi da ruwa har kusa da wurin da za a taɓa, murfi a buɗe.

Na Kofar Ruwa: Mu a Kano salansar mota ake zura wa tankin, hayaƙi ya kori iskar, sai a yi walda. Haka muka taso muka gani.

Oga Mai Walda: Alhaji, na san wannan dabara, ni ma na yi ta. Amma tsohuwar mota mai kafireta tana fitar da ɗanyen mai tare da hayaƙin, ka ga an koma gidan jiya. Allah ne kawai yake tsare mu. Ruwa ya fi.

Malam Injiniya: Kafin a zo maganar wuta, a fara sanin ko tankin ya cancanci wahalar. Mota idan ta zauna da rabin tanki, raɓa na taruwa a ciki, ruwa kuma ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa yana cin ƙarfen daga ciki. Shi ya sa hujin da ka gani daga waje yakan zama ƙanin wanda ke ɓoye. Ka zuba notuka da 'yar guntuwar sarƙa tare da ruwa, ku kama da wani ku yi ta jijjigawa har tsatsar ta saki, amma ka ƙirga notukan kafin ka zuba, don tankin na da shinge a ciki, ɗaya na iya maƙalewa ya riƙa yi maka ƙara har abada. Daga nan ka goge ƙasan da sanfefa, ka bi shi da bakin sukurdireba kana dannawa. In ƙarfen ya tsaya, huji uku ba komai ba ne, dalma ma ta isa, kuma ƙarfen liƙin a can nesa ake gasa shi, wuta ba ta kusantar tankin. In ya lotsa kamar gwangwanin madara, ko uku suka zama talatin, ka haƙura da shi.

Gwajin yoyo kuma da famfon keke, ka toshe ƙofofi ka shafa ruwan sabulu ka duba kumfa. Kada ka kai wa mai faci ya sa injinsa, zai kumbura maka tankin.

Ɗan Kaduna: Sabulu da aradait fa? Sun taɓa kai ni Legas.

Malam Injiniya: Wannan na fita kunya ne a kan hanya, ɗan'uwa, motar gado ta fi ƙarfinsa.

Na Kofar Ruwa: In ta kai ga saye, ai kusa kake. Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, 504 ta cika Arewa, don haka ka leƙa kasuwar Panteka a Kaduna ko ka zo nan wajenmu Kofar Ruwa a Kano. Ka zo da tsohon a hannu a gwada, don na salun daban, na wagon daban, na fikof daban. Ka haska ciki da fitilar waya kafin ka biya, da yawa fenti ne a waje, ciki ya fi naka lalacewa.

Tsohon Direba: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe motar nan. Zariya zuwa Sakkwato na yi shekara sha ɗaya da irinta. Wajen mayarwa nake so ka kula. Cire kan batir tukuna. Tiyon da yaron ya yanke kada ka yi baƙin ciki, dama sun mutu, sayi sababbi na fetur, ban da na ruwa, da sababbin kilif. Ka sa a hura bututun ƙarfen da ya tafi gaba, in ba haka ba dattin shekara tara zai tafi kafireta. Sa sabon gasket a bakin fuloti, ka kankare inda wayar at, wato wadda ke haɗuwa da jikin mota, take kamawa, yawancin gejin 504 da ake cewa ya mutu nan ne ciwonsa. Duk robar da ka tarar tsakanin tanki da jikin mota ka mayar da ita, ko ka yanko tsohon tub. Kada ka toshe hanyar numfashin tanki, mota za ta yi ta mutuwa a tafiya ka rasa dalili. Sa ƙaramar filta mai gilashi kafin famfon mai, ka riƙa leƙa ta. Lita biyar za ka fara zubawa ka kwana ka duba ƙasa. Tun da aka cire tallafi a 2023 ba mai wasa da ɗigo.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Direba, na rubuta duk abin da ka lissafa. Malam Injiniya, mun yi na notukan yau da yamma, ashirin na zuba, sha tara suka fito, sai da muka kifa shi sau uku na ƙarshen ya faɗo. Bayan sanfefa huji sun zama bakwai, duk a kusurwa ɗaya da ba ta fi tafin hannu ba, sauran ƙarfen ya tsaya. Oga, a haka dalma za ta riƙe, ko sai an yanke wurin an sa faci?

Oga Mai Walda: Bakwai a wuri ɗaya faci ne. Ci gaba da wanki, ranar Asabar ka turo hoton kusurwar in gani.