Neman kalma: me za mu kira "coaching" a jagorar malaman yara masu buƙata ta musamman?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum malamaina. Ina da aikin da zan miƙa ranar Litinin, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Jagora ce da aka rubuta a Amurka, ana so a mayar da ita Hausa saboda malaman da ke koyar da yara masu buƙata ta musamman. Kalmar ita ce coaching. Ba taron bita ake nufi ba. Ƙwararre ne zai shiga aji ya zauna a baya, ya ga yadda malami ke fama da yaron da ke cizo ko jifa ko birgima a ƙasa. In an tashi sai su zauna su biyu su tattauna, wani lokaci ya karɓi allin ya gwada a gaban malamin, mako na zagayowa ya dawo. Sau uku ina rubuta "horaswa" ina gogewa.

Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Me ya hana "koci"? Kowa ya san ta.

Bakatsine:
Koci filin ƙwallo take kai mutum. Horaswa ta wadatar, ita muke ji a rediyo kullum.

Malamar Aji Uku:
Don Allah Yaya kar ki sa horo ko wani abu da ya fito daga cikinsa. In kika ce wa malaminmu an zo da horo a kan yara masu rigima, bulala da tsallen kwaɗo ne za su fara faɗo masa a rai. Na taɓa samun yaro ɗan shekara 9 a ajina. Da zarar na rubuta lissafi a allo sai ya kifar da benci ya ciji bayan hannunsa, har wurin ya yi kanta. Ni kuma sai in kore shi gindin darbejiya. Wata baiwar Allah ta zo ta zauna mini a bayan aji kwana huɗu da takarda mai gida uku: abin da ya faru kafin, abin da yaron ya yi, abin da ya biyo baya. Ranar ta huɗu ta ajiye takardar a gabana ba ta ce komai ba. Da idona na ga korar da nake yi masa ita yake nema, gudun lissafin yake yi. Muka yanka masa ɗan kati, in ya ɗaga in ba shi hutun minti biyu, muka kuma rage masa tambayoyin. Matar nan ba ta hore ni ba, ba ta kai ƙarata ofis ba. Kalmar da za ki zaɓa ta nuna haka.

Mai Fassara:
Allah ya saka da alheri ƙanwata, abin da ke cikin jagorar ke nan. Tun 1997 dokar Amurka ta ilimin yara masu buƙata ta musamman ta shigo da batun binciken dalilin da ya sa yaro ke yin abin da yake yi. Masu binciken ilimi Bruce Joyce da Beverly Showers kuma tun shekarun 1980 suka nuna cewa abin da aka koya a taron bita ba kasafai yake isa aji ba, sai in wani ya bi malamin har can.

Tsohon Hedimasta:
Abin kunya ne a ce harshe kamar Hausa sai ya ari "koci". Na daɗe da ƙirƙiro kalmar wannan aiki: kafaɗantarwa, daga kafaɗa da kafaɗa. Mai yi kuma makafaɗanci. Ginin ya bi ƙa'ida sarai, kamar fahimtarwa da wayarwa.

Mai Alli:
Ranka ya daɗe, malamin firamare a ƙauye zai ɗauka gyaran targaɗe ake nufi.

Tsohon Hedimasta:
Da can ma an yi wa "na'ura mai ƙwaƙwalwa" dariya. Ku 'yan boko in kalma ba ta zo da takalmi sau-ciki ba, ba kwa ganin girmanta.

Almajirin Zaure:
Ga irshadi da murshidi, sun daɗe a bakin malamanmu, kuma suna da kwarjini.

Tsohon Hedimasta:
Aro aro ne, ko daga gabas ko daga yamma.

Almajirin Zaure:
Allah ya gafarta Malam, to sai mu mayar da littafi da allo da malam ɗin kansa, don duk daga Larabci suke. Hedimasta da ke jikin sunanka fa?

Tsohon Hedimasta:
Shekara 35 na yi ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki. Ba yaro ne zai koya mini asalin kalma ba.

Badamagare:
A yi haƙuri Baba. Mu nan Nijar masu aikin ilimi kan ce accompagnement da Faransanci, in mun juyo Hausa sai mu ce rakiya. Mai rakiya ba ya ɗauke maka tafiyarka, ba ya shiga gabanka, kuma akwai inda zai kai ya juya ya bar ka ka ƙarasa. Ina ganin aikin matar da Malama ta ba da labari ke nan.

Bakatsine:
Ma'anar ta yi kyau, amma a wajenmu in aka ce wane ɗan rakiya ne, an raina shi ke nan. Wane ƙwararre zai yarda a kira shi haka? Kuma da daidaitacciyar Hausa ake rubuta littafi.

Badamagare:
Rakiya ba daidaitacciya ba ce? Ko don daga Damagaram shawarar ta fito? Kullum haka kuke mana, kamar Hausar ta tsaya a Kwangwalam, bakin iyakar Najeriya da Nijar.

Bakatsine:
Ban faɗi haka ba Malam, ni ma maƙwabcin Maraɗi ne.

Mai Fassara:
Jama'a yau Asabar. Ga inda na tsaya. Aikin zan kira shi "rakiyar aiki", in yi bayaninsa da jimla biyu a shafin farko. Mutumin kuma "jagoran aiki", don gudun abin da Malam Bakatsine ya faɗa, duk da na san jagora gaba yake shiga, wannan kuwa a gefe yake tsayawa. Zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Tsohon Hedimasta:
Kalma biyu inda ɗaya za ta yi. Ba komai 'yata, aikinki ne. Amma ki sa kafaɗantarwa a jerin kalmomi na ƙarshen littafin, ko wani zai ɗauka nan gaba.

Mai Fassara:
Zan sa Baba, in masu aikin sun amince.

Malamar Aji Uku:
Yaya saura challenging behaviour, wato irin cizo da jifa da birgimar nan da yaran ke yi. Kar ki ce rashin ji, cikin yaran nan akwai kurame na gaske. Gagara da taurin kai kuma sun riga sun yanke wa yaron hukunci.

Mai Fassara:
Na sa "hali mai wuyar sha'ani" na wucin gadi. Yana ko'ina cikin jagorar, kusan kowane shafi. Wanda ke da wadda ta fi ta ya turo kafin Isha'in gobe.