Wa ya tsananta wa 'yan mishan na farko?

Ɗan Kagoro: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya ɗan yayyafi kawai aka yi, rabin matasanmu suka ƙi fitowa sujada. A 1893 samari uku, Gowans da Kent da Bingham, waɗanda suka fara ƙungiyar mishan ta SIM, suka sauka Legas don kawo bishara ƙasar nan. A 1894 aka binne Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya dawo a 1900, zazzaɓi ya sake korarsa, duk da haka ya turo wasu har aka kafa tasha a Patigi a 1902. Sun jure tsanantawa, mu yayyafi ya gagare mu!

Malam na Fagge: Ɗan'uwa, naci kam sun yi. Amma tsanantawa? Ciwo ne ya kashe su, ba takobin kowa ba.

Ɗan Kagoro: To korar da Sarkin Kano Alu ya yi wa su Bishop Tugwell a 1900 fa?

Malam na Fagge: Baƙi sun shigo gari, mai gari ya ce bai karɓa ba, suka fita da ransu. Wannan ƙin karɓa ne.

'Yar Wusasa: Malam, in aka kore ka saboda abin da ka gaskata, me za ka kira shi? Kuma Baba Ɗan Kagoro, su Tugwell da Likita Miller 'yan ƙungiyar mishan ta CMS ne, namu ne na Angilikan. Kullum ku 'yan ECWA, cocin da ya fito daga SIM, sai ku ba da labarin kamar ku kaɗai kuka sha wuya.

Ɗan Kagoro: 'Yata, 1893 ce gaba ko 1900?

'Yar Wusasa: Wa ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905 har aka koma Wusasa a 1929? Wa ya yi ɗawainiyar fassara kafin Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932? Miller!

Tsohon Hedimasta: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Gwamna Lugga ne ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba, gwamnatinsa ta riƙa hana 'yan mishan shiga masarautu. Bature ne ya tare Bature.

Malam na Fagge: Madalla, Baba. Ashe ba mu ba ne.

'Yar Wusasa: Ba a ce ku ne ba, Malam. Kai ka tsargu.

Mai kula da zaure: A tsaya haka. Abin da ya fito fili shi ne an tsananta musu, ko ta hannun sarki ko ta hannun Lugga, ita ma cutar ba ta raga musu ba. Batun wa ya riga kuwa, shekarun da Baba Ɗan Kagoro ya kawo sun isa amsa: iyayenmu na SIM sun ba da rayukansu tun kafin su Tugwell su je Kano. Ba wanda ya ƙaryata wannan.